Sarewar Da Muka Yar, Baƙo Ya Tsinta



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar hatsaniya ce da ta auku a zaman karatun da muka yi kwanan baya a nan Birnin Gwari. Wani matashi daga cikin sababbin shiga ya karanta mana gajeren labarinsa a kan harin da aka kai ƙauyensu. Yaron ya yi ƙoƙari, babu mai ja. Ya lissafa gidajen da aka ƙone, da shanun da aka kora, da baburan da suka shigo, har da irin bindigar da kowane ɓarawo ya rataya. Da ya gama aka tafa masa. Sai ɗaya daga cikinmu ya ce da shi: "Ƙanena, ka faɗi abin da ya faru, amma ba ka sa mun ji shi a jikinmu ba. Kafin ka sake rubutawa, tsaya ka saurari wannan." Ya ciro waya ya kunna busar wani Baƙar fatar Amurka mai suna John Coltrane. Ba a yi minti guda ba wani dattijo ya miƙe, ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce: "Haba Malam! Mu da ba mu gama share hawaye ba, shi ne za ka kawo wa yaranmu kiɗan mashaya na Turawa? Ina ruwan Birnin Gwari da wannan?"

Dattijon nan ubanmu ne, kuma ya yi rashin da ba mu yi irinsa ba a cikin wannan fitina, saboda haka ba mu mayar masa da magana a wurin ba. Amma da yake zancen ya fi ƙarfin ɗaki guda, kuma mun san akwai da yawa cikin masu karanta wannan mujalla da ke da irin ra'ayinsa, mun ga ya dace mu fito fili mu faɗi matsayinmu. Matsayin kuwa shi ne: marubucin da ke zaune a bakin wannan daji yana da bukatar waɗannan fayafayai fiye da wanda ke zaune lafiya a Kano ko Abuja. Za mu ambaci sunayensu, mu kuma faɗi dalili.

Ga wanda bai sani ba, jaz kiɗa ne da jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙago a Amurka a farkon ƙarni na 20. Gishirinsa shi ne ƙirƙira nan take: a kafa amshi, sannan kowane makaɗi ya fita yawo da abin kiɗansa ya dawo kan amshin, kamar dai yadda Shata kan saki baiti bisa kalangu ba tare da ya rubuta komai ba. Gaskiya ne an fi yin sa a gidajen rawa da na giya. To amma daga wajen 1960 wasu daga cikin manyan makaɗansa suka gaji da wannan rayuwa, suka juya kiɗan ya zama na tuba, da godiya, da makoki, da neman kusanci da Mahalicci. Wannan reshe shi muke kira jaz na ruhi, kuma a kansa muke magana.

Tuhumar da ake yi mana guda uku ce. Ta farko wai baƙon abu ne. Ta biyu wai ɓata lokaci ne ga mutanen da ke cikin zaman makoki. Ta uku wai ya saɓa wa addini. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa baƙo ne, muna tambayarsu: shin sun san wanda ya zauna a Samaru ta Zariya daga 1981 zuwa 1985? Sunansa Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya girma a birnin Detroit, ya yi suna a duniya da busa saksofon da sarewa tun kafin a haifi yawancinmu. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya bar duk wannan ɗaukaka ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, ya kama aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Me ya zo nema? Daga cikin manyan abubuwan da ya duƙufa a kai har da sarewar Fulani makiyaya, wannan ɗan karan da yaro kan busa a bayan shanu, wanda mu ba mu taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Ya zauna da masu busa ta, ya tambaye su, ya rubuta. Shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa a 1987. A lokacin zamansa ya yi faifai da makaɗan ƙasar nan ya sa masa suna da Hausa tsantsa, Hikima, wanda cibiyar ta fitar a 1983. Wannan bawan Allah har ya rasu a 2013 bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, domin yana ganin kalmar tana ɗauke da raini. To, jama'a, wane ne baƙo a nan? Wanda ya tsallako teku don ya koyi sarewarmu, ko mu da muke kwana da ita muna tashi amma ba mu taɓa rubuta shafi guda a kanta ba? Ai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kuma in aro ne laifi, sai mu fara da gurfanar da maƙwabcinmu na Kagara, marigayi Abubakar Imam. Kowa ya san Magana Jari Ce cike take da labaran da ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya yi musu wanka, ya naɗa musu rawani, har suka zama namu. Babu wanda ya taɓa cewa Imam ya sayar da Hausa. Abin da ya yi da labari shi muke cewa a yi da sauti.

Tuhuma ta biyu ita ta fi yi mana zafi, domin daga bakin masu rashi take fitowa. Mun san abin da ƙasar nan ta gani. A watan Oktoba na 2012 aka kai hari Dogon Dawa da asuba, aka kashe kimanin mutum 20, da yawansu masallata ne. A watan Mayu na 2018 aka afka wa Gwaska, aka kashe fiye da mutum 40. An yi shekaru hanyar Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji da addu'ar uwa. A 2021 har layukan waya aka datse, mutum bai san halin da ɗan uwansa ke ciki ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, ya tashi daga mazaunin namun dawa ya koma maɓoyar masu satar shanu da mutane. Duk wannan ba labari aka ba mu ba. Jiki magayi.

To amma ku ji tarihin busar da aka kunna wa yaron nan. Ranar 15 ga Satumba 1963 wasu Turawa masu ƙin jinin Baƙar fata suka dasa bam a wata majami'a a birnin Birmingham na jihar Alabama, ya kashe 'yan mata huɗu da suka zo ibada. Bayan wata biyu Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya yi busar da ya kira Alabama, tana cikin faifan Live at Birdland na 1964. Minti biyar ce kacal, babu kalma ko ɗaya a cikinta. Fiyano na gunji a ƙasa kamar hadarin da ya ƙi zuba, saksofon na tafiya a hankali kamar dattijon da ke yi wa iyaye ta'aziyya yana tauna kowace kalma, sai can wajen ƙarshe ganguna su taso kamar zuciyar da ta kusa fashewa, sannan a sauka. Bai ƙirga gawa ba, bai zagi kowa ba, amma fiye da shekara 60 ke nan duk wanda ya saurara sai ya ji mutuwar yaran nan kamar jiya aka yi ta.

Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: ina tamu Alabamar ta Dogon Dawa? An kashe mutane a bakin masallaci kamar yadda aka kashe waɗancan a majami'a. Me muka rubuta da jikokinmu za su karanta su yi hawaye? Abin da muke da shi rahoton jarida ne da aka yanka baiti baiti aka kira shi waƙa, da labaran da ke gasar yawan jini. Mun iya kururuwa, ba mu iya makoki ba. Mai kururuwa kuwa ana jin sa yau, gobe a manta. Saboda haka wanda ya ce sauraron wannan kiɗa ɓata lokaci ne ga mai makoki, mu muna cewa makarantar makoki ce, kuma mu ne ɗalibanta na farko.

Game da tuhuma ta uku, mu ba malaman fatawa ba ne, kuma saɓani a kan kiɗa ya girme mu duka. Wanda ya bi malaminsa ya bar kiɗa baki ɗaya, mun girmama shi, wannan maƙala ba da shi take ba. Da wanda muke yi shi ne mutumin da Ɗanƙwairo ke tashi a motarsa, Ɗan Maraya ke tashi a shagonsa, waƙoƙin fim na tashi a wayar 'ya'yansa, amma da ya ji saksofon sai tsoron Allah ya kama shi. Kuma ba za mu ɓoye muku komai ba. Coltrane a gidan Kirista ya tashi, kakanninsa biyu limaman coci ne. Lateef da McCoy Tyner, mai kaɗa wa Coltrane fiyano, ta hanyar Ahmadiyya suka karɓi Musulunci, ƙungiyar da malamanmu ba su yarda da aƙidarta ba. Wasunsu sun cakuɗa addinai ta hanyar da ba za mu bi su ba. Ba aƙida muke aiken ku ku ɗebo ba. Wannan tana gida, wajen malamanku. Sana'a muke aiken ku ku koyo: yadda mutum ke ɗaukar baƙin cikinsa ya sarrafa shi har ya zama abin da wani zai amfana da shi.

Ga fayafayan da muke ba da shawara a nema, bayan Alabama.

Na farko A Love Supreme, na John Coltrane. In kowane mawaƙi yana da bakandamiyarsa, to wannan ce tasa. An ɗauke shi a zama guda ranar 9 ga Disamba 1964, ya fito a 1965. Mutum huɗu ne kawai: shi da saksofon, Tyner da fiyano, Jimmy Garrison da babban molon da ake kaɗawa a tsaye, Elvin Jones da ganguna. Coltrane ya sha fama da giya da ƙwaya, ya rabu da su a 1957, kuma wannan faifai godiyarsa ce ga Allah da ya tsamo shi. Kashi huɗu ne, minti 33. Duk kashin farko a kan 'yan sauti huɗu aka gina shi, yana juya su yana maimaitawa kamar mai jan carbi. A kashi na huɗu kuwa addu'ar da ya rubuta da hannunsa yake karantawa da ƙahonsa, gaɓa bayan gaɓa, ba tare da ya buɗe baki ba. Darasin marubuci a nan shi ne ƙaramin iri ya isa ya cika gona in an san noma. Ku da kuke cusa jigo goma a littafi ɗaya, ku saurara.

Na biyu Eastern Sounds, na Yusef Lateef, 1961. Ya buɗe shi da wata sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai kama da ƙwai, wadda sautinta bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Da wannan ɗan abu ya yi kiɗan da ke kwantar da zuciya kamar sanyin asuba. Wannan magani ne ga masu ganin sai sun jibga manyan kalmomin Larabci da na Turanci kafin a san su marubuta ne. Wanda ya ji daɗinsa sai ya bi da Hikima da kuma In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 ya fito a 1985, ya ji yadda busar Detroit ke zama bisa gangunan ƙasarmu ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba.

Na uku Karma, na Pharoah Sanders, 1969. Muna yi muku kashedi, wannan ba na masu gaggawa ba ne. Babban kiɗan da ke ciki ya haura minti 30. Yana farawa cikin natsuwa, da ƙararrawa da muryar Leon Thomas mai karkarwa irin ta makiyayi mai kiran shanu daga nesa. Can tsakiya sai komai ya rikice, ƙaho ya yi ta ihu kamar garin da aka afka wa cikin dare, har mai sauraro ya ji kamar ya kashe. In ya daure, sai amshin farko ya dawo, a hankali, kamar mutanen da suka fito daga maɓoya da safe suna neman juna. Duk ɗan Birnin Gwarin da ya taɓa kwana a gona don tsoro ba ya bukatar a fassara masa wannan. Darasinsa shi ne in za ka shigar da mai karatu cikin tashin hankali, wajibi ne ka san hanyar da za ka fito da shi.

Na huɗu Mannenberg, na Abdullah Ibrahim, mutumin Afirka ta Kudu wanda ya musulunta a 1968. An ɗauke shi a 1974, an sa masa sunan wata unguwa a bayan birnin Kef inda gwamnatin wariyar launin fata ta jibge mutanen da ta tasa daga gidajensu. Abin mamaki, kiɗan ba na kuka ba ne. Tafiya yake da rangaji, kamar mutum mai ɗauke da kaya a ka amma bai yarda a ga gajiyarsa ba. Shi ya sa ya zama taken masu gwagwarmaya a can. Mu da muke da 'yan uwa da suka bar gonakinsu suka watsu a Kaduna da Funtuwa da Zariya, ya kamata mu koyi rubuta ɗan gudun hijira da mutuncinsa, da barkwancinsa, da taurin kansa. Mun cika mai da shi almajirin tausayi.

Na biyar The Trance of Seven Colors, 1994, wanda Pharoah Sanders ya yi tare da Mahmoud Guinia a garin Essawira na Maroko. Guinia a zamaninsa shugaban makaɗan Ginawa ne, jikokin mutanen da aka tsallaka da su Sahara daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Laƙabinsa ma'alem, wato tushe ɗaya da malam ɗinmu. Molonsa mai tsirkiya uku ɗan uwan garaya ne, ƙarafan da yaransa ke kaɗawa kuwa duk wanda ya san sambani zai gane su. Wanda ya saurari wannan ya sake cewa jaz na ruhi baƙo ne, to sai dai mu bar shi da Allah.

Da can sai mutum ya yi sa'ar wani ɗan boko a Kaduna ya naɗo masa irin waɗannan a kaset. Yau yawancinsu na intanet, wayar da ke aljihunku ta isa. Amma akwai ladabin sauraro. Kada a kunna a majalisa ana shan shayi ana musun ƙwallo. A bari sai dare ya raba, a zauna ni kaɗai, a saurari faifai daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Jin farko zai yi kama da hayaniya, haka goge yake ga wanda bai saba ba. A yi na biyu, a yi na uku. Sannan a ɗauko labarin da aka rubuta jiya a karanta shi da ƙarfi, a ji inda ya yi numfashi da inda ya shaƙe.

Amma ba mu so a tsaya ga sauraro, domin babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya yana nan gida. Waɗanda suka girma a wannan ƙasa kafin fitina sun san yadda yamma take a bakin daji: ƙura ta tashi, shanu su doso ruga, sarewa na biye da su. Manomi na jin ta daga gonarsa ya san lokacin tashi ya yi. Yau yaron da aka haifa bayan 2010, in ya ji motsi daga daji, ƙarar babur yake tsammani. Ɓarayin nan ba shanu da mutane kaɗai suka sace ba, sun sace mana sautin dajinmu. Kuma kada mu manta, makiyayi mai sarewa yana cikin waɗanda aka fara yi wa fashi. An kore masa garke, sannan aka shafa masa baƙin jinin waɗanda suka kore shi. In muka bari sarewa ta mutu, ko ta zama alamar abokin gaba a kunnen 'ya'yanmu, to mun taya ɓarayi aiki.

A ƙarshen Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Kowa na da ra'ayinsa a kan sulhun da ya kawo haka, kuma ba shi ne zancenmu a yau ba. Zancenmu shi ne duk inda makiyaya suka taru, ba a rasa tsohon da ya iya busa. Wa zai je ya gaishe shi, ya zauna a gabansa, ya ce "Baffa, koya mini"? Wa zai naɗi sautin, ya tambayi sunan kowace busa, da lokacin da ake yin ta, da abin da shanu ke yi in sun ji ta? Lateef ya yi wannan yana da shekara sittin da wani abu, ba harshensa ba, ba ƙasarsa ba. Mu da muke da harshen da ƙasar, mene ne uzurinmu? Muna kira ga rassan ƙungiyarmu na Kaduna da Zariya da su nemo littafin nan na 1987 a ɗakunan karatu na jami'a, a karanta shi a zaman wata, a kuma sa matasa su ɗora daga inda ya tsaya.

Shekarun 1990 mun kwashe su muna muhawara a jaridu a kan ko littattafan soyayya na Kano adabi ne ko kayan kasuwa. Muhawarar ta yi amfani, ta tada mutane daga barci. To ga wata sabuwa mun buɗe, kuma muna maraba da raddi. Wanda yake ganin mun kauce ya ɗauki alƙalami, shafukan wannan mujalla na kowa ne. Sharaɗi guda muka gindaya: ya saurara tukuna, sannan ya yanke hukunci.

Shi kuwa Baba da ya kaɗe riga ya fita, muna ba shi haƙuri in mun ɓata masa rai. Hawayen da yake sharewa su muke so kada su bushe a banza. Yaron nan mai gajeren labari ya karɓi wayar ya tafi da ita gida, kuma mun ba shi wata uku ya dawo mana da sabon rubutu. Muna fatan ranar da zai karanta, Baba zai zo ya zauna a sahun gaba, shi zai zama alƙali.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da na gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.